Gyaren da ya tare a kunnena

Sai da aka kulle Kano a watan Afrilun 2020, saboda korona, sannan na san ina da baƙo a kunne. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san ba ya yin shiru, ko da tsakar dare akwai janaretan maƙwabci ko wata tirela da ke gurnani a titi. A kwanakin kullen kuwa gari ya yi tsit, babu adaidaita sahu, babu hon, kasuwa a garƙame. Ga zafin bazara, muka fito da tabarmi tsakar gida. Ina kwance ina ta juyi, na ce wa uwargida, "Wai gyaren nan a ina ya maƙale ne? Ya hana mutane barci." Ta kasa kunne, ta ce, "Wane gyare, Malam?" Na ɗauki tocila na haska bayan randa, na kawar da turmi, na leƙa har makwararar ruwa. Duk inda na nufa kukan yana nan yadda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba. Da na toshe kunnuwana da yatsa sai ya ƙara fitowa tar. Na koma na zauna a bakin tabarma, ita tana kallona, ni ina kallon bango.

Abin ya girmi daren nan da shekaru masu yawa. Ina ɗan shekara 13 aka kai ni injin niƙa na wani maƙwabcinmu, na yi shekara 11 a ciki. Tsohon Lister ne mai baƙin hayaƙi, a wani ɗan ɗaki mai rufin kwano da taga ɗaya. Daga hantsi har bayan isha'i muna ciki, in azumi ya zo kuwa layin robobin gero da markaɗen wake har bakin titi. Ba a magana a wurin sai ihu da nuni da hannu. Idan aka kashe inji da dare, kunnena ya riƙa yin diii, maganar mutane kamar daga cikin rijiya take fitowa, amma kafin asuba ya washe. Dariya muke yi. Har alfahari nake da cewa daga sautin inji kaɗai ina gane bel ya saki ko faranti ya cinye. Ba wanda ya taɓa ce mana mu toshe kunne, shi kansa mai injin bai sani ba, kuma kafin ya rasu sai an yi masa magana sau uku.

Daga nan Kawu ya ɗauke ni zuwa shagonsa a Kantin Kwari. An gudu ba a tsira ba, don a layinmu kusan kowane shago da janaretansa a ƙofa, amma a wurina kasuwa aljanna ce idan aka kwatanta da ɗakin inji. Abin da ya ɗaga ni a wurin Kawu lissafi ne. Mai sari zai lissafo atamfa kala biyar, kowace da farashinta da yawan turminta, ya haɗa da shadda da leshi, kafin yaron shago ya gama danna kalkuleta na faɗi jimilla. Lambar waya in an faɗa mini sau ɗaya ta zauna. Da wannan na ci abinci, da shi na yi aure. Shi ya sa da ya fara zamewa daga hannuna na ji kamar ƙasa ce ke zaizayewa a ƙarƙashina.

Da aka buɗe kasuwa bayan kulle kowa da takunkumi a fuska. A nan na gano abin da ban taɓa lura da shi ba: ashe bakin mutum nake kallo in yana magana. Da aka rufe bakuna sai rabin magana ya ɓace. Na ce laifin takunkumi ne. Aka cire takunkumi, abin ya ɗan yi sauƙi, amma bai koma yadda yake ba.

Wata Hajiya daga Damagaram, tsohuwar mai sayayya a wurinmu, ta kira ni da rana tsaka, kasuwa na tafasa. Ta ce a ɗaure mata turmi saba'in. Ni arba'in na ji. Na ce to, aka ɗaure arba'in, ɗan dako ya kai tasha, mota ta tashi. Bayan kwana biyu ta kira Kawu kai tsaye, ga masu anko suna jiranta, biki ya ƙarato. Kawu bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni ya ce, "Kai kuwa lafiyarka ƙalau? Ko akwai abin da ke damunka a gida?" Na ce babu komai, Kawu.

Wannan kuskuren ji ne, kowa zai gane shi. Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne wanda na ji daidai, na maimaita da bakina, amma kafin in juya ya gudu. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, takardar naira ta yi ɓatan dabo, komai ya koma tiransifa, har ɗan dako da mai shayi. Mutum zai karanto mini lambar asusu, guda 10, ina ji ina gyaɗa kai, in na zo ta bakwai ta farko ta tafi. In ce sake, ya sake. In ce sake, ya miƙo hannu ya ce kawo wayar in sa maka. Ni da ake kira a yi lissafi, yau yaro ɗan shekara 15 ke karɓar wayata. Ko ina tsakiyar haɗa kuɗi, wani ya yi sallama, na amsa, shi ke nan, sai na koma farko. La'asar na yi sai in ji kaina ya yi nauyi kamar na yini ina sauke dila, alhali a zaune na yini.

A gida abin ya zo da wata fuskar. Uwargida za ta ce, in za ka dawo ka sayo wa auta maganin tari, ka biya wajen tela, gas ma ya kusa ƙarewa. In ce to. In dawo da maganin tari kaɗai. Ranar da abin ya ishe ta ta ce, "Malam, in kunnen uwar shegu za ka riƙa yi mini gara ka faɗa. Lissafin miliyoyi na Kawu ba ka mantawa, sai nawa saƙon." Ban gaya mata cewa na Kawun ma ya fara zubewa ba. Yara in suka taru suna surutu lokaci guda sai in ji raina ya ɓaci ba dalili, in daka musu tsawa. Majalisar da muke zama bayan magariba na rage zuwa, domin in mutum huɗu suna magana a haɗe ba na kama ko ɗaya, sai in ga ana dariya in bi sahu. Aka fara cewa na yi kuɗi na daina kula mutane.

Sai salla. Ina tsaye, kukan nan yana tashi, hankalina ya tafi kansa, in dawo ban san ko raka'a ta uku nake ko ta huɗu ba. Na tambayi malaminmu, ya ce in gina a kan abin da na tabbatar in yi ba'adi, kuma in yawaita neman tsari daga wasiwasi. Na yi. Amma akwai abin da ya tsaya mini: surorin da na haddace tun ina makarantar allo ba wadda ta motsa, sunayen abokan yarinta, bashin da wani ya ci tun shekara goma, duk suna nan daram. Abin da aka faɗa mini yanzu-yanzu shi ne ba ya zama. Kakata ta yi gigin tsufa kafin ta rasu, tana tuna zamanin ƙuruciyarta amma ba ta san ta ci abinci ba. Sai na ce shi ke nan, gado ya biyo ni tun ban kai 45 ba. Wani dare har na raya a raina ko ƙarshenta Dawanau za a kai ni, asibitin masu taɓin hankali, ba kasuwar hatsi ba. Wannan ban gaya wa kowa ba sai yau.

Magani kuwa babu wanda ban ji ba. Wata gwaggona ta ce ai zancena ake yi a wani wuri. Na ce Gwaggo, wane irin zance ne ba dare ba rana shekara uku? Aka ce man zaitun, na ɗiga. Aka ce a soya tafarnuwa a mai, na ɗiga, kunne ya yi kwana biyu yana zugi. Aka yi ruƙiyya. Na sayi wani ruwa a kwalba wurin masu tallar magani a mota, kuma sai daga baya abin ya ba ni dariya: mai maganin kunnen da lasifika yake talla, ƙararta kaɗai ta isa ta kashe kunnen mai lafiya. Auduga mai tsinke kuwa na ƙarar da fakiti nawa, ina zaton datti ne ya toshe.

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Bayero shi ya matsa sai na ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Muka je Asibitin Malam Aminu Kano. Likitan ya fara da tambayoyi. Kunne ɗaya ne ko biyu? Kukan yana tafiya da bugun zuciya? Akwai jiri? Jin ya ɗauke ne farat ɗaya ko a hankali? Ya ce waɗannan su ne ba a wasa da su, wanda jinsa ya ɗauke kwatsam ko yake jin ƙarar a gefe ɗaya tak bai kamata ya kwana biyu a gida ba. Nawa biyu ne, kuma a hankali. Ya tambayi magunguna, ya ce kwinin da asfirin mai yawa da wasu allurai irin su jentamaisin suna taɓa kunne. Aka auna jini, ya ɗan hau. Sannan ya ce, "Malam, wace sana'a ka yi kafin kasuwa?" Da na ce injin niƙa sai ya ajiye biro.

Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki mai kaurin ƙofa, bangonsa a lulluɓe, aka sa mini abin sauraro a kai, aka ba ni maɓalli, duk sanda na ji sauti in danna. Wahalar ita ce nawa gyaren yana ta yi, ga nasu siririn sautin, na rasa wanne ne na waje. Sau da yawa na danna babu komai, sau da yawa ta gilashi ina ganin matar tana jirana ni kuwa ban ji komai ba. Da aka fito da takarda, layi ne ya taho a miƙe, da ya zo wajen da aka rubuta 4,000, wato ɓangaren siririn sauti, sai ya faɗa rami, a duka kunnuwan. Likita ya sa biro a ramin ya ce wannan sa hannun inji ne.

Ya yi mini bayani yadda zan gane. A can cikin kunne akwai wani abu mai siffar dodon-koɗi, cikinsa da 'yan ƙananan gasu kimanin 16,000 da aka haifi mutum da su. Ƙara mai yawa tana kwantar da su, tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Waɗanda ke kama siririn sauti su ke fara tafiya, kuma a nan haruffa irin su sa da sha da fa da tsa suke zaune. Nan take na tuna Hajiyar Damagaram: a cire sa ɗin farkon saba'in, me ya rage in ba abin da ya yi kama da arba'in ba? Ya ce ma'aunin ƙara sunansa desibel, 85 ita ce iyakar da ake ba ma'aikaci na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, har in an kai 100 minti 15 ne kacal. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai da tsawon hannu ya ji ka, to wurin ya wuce ƙima. Na lissafa awa goma sha a kullum, shekara 11, na yi shiru. Shi kuma kukan, wanda suke kira tinitus, ba daga waje yake ba kuma ba aljani ba ne. Saƙon da ƙwaƙwalwa ta saba samu daga kunne ne ya ragu, sai ta ƙure nata sautin tana lalube, kamar rediyon da aka ƙure wa murya alhali tasha ta ɗauke.

Sai na yi ƙarfin hali na faɗi abin da ya kawo ni da gaske. Na ce, "Likita, ranka ya daɗe, mantuwa fa? Kaina ne ya fara taɓuwa?" Ya tambaye ni irin abin da nake mantawa, na zayyana masa. Ya ce abin da na kwatanta ya fi kama da na mai wahalar ji, a fara gyara wannan da barci da hawan jini, in bai canja ba a duba gaba. Yadda na fahimci bayaninsa, da harshen kasuwa, shi ne ƙwaƙwalwa tana da sito tana da tebur. Sito babba ne, a nan hadda da tsohon bashi suke, nawa lafiyarsa ƙalau. Tebur kuwa ƙarami ne, a kansa ake baje abin da ake aiki da shi a yanzu, lambar da ake karanto maka, saƙon da aka ba ka, raka'ar da kake ciki. Mai lafiyar kunne magana tana shigo masa a ɗinke, ya ɗora a tebur kawai. Ni kuwa a yage take zuwa, sai na baje ta a teburin ina cike gurbin haruffan da suka faɗi, ina cankar abin da ake nufi, kafin in gama wata ta iso, sai ta farko ta zame ƙasa. Ga kuma gyare ya ajiye nasa dilan a gefe, ina ta waiwayensa.

Ƙanena ya bi abin ya karanto mini. Ashe teburin nan masana sun daɗe suna auna shi. George Miller a 1956 ya ce abu bakwai yake ɗauka, ko sama da haka kaɗan ko ƙasa, daga baya Nelson Cowan a 2001 ya ce in an tsananta bincike bai wuce kamar huɗu ba. Wanda ya fi shiga raina shi ne gwajin da Patrick Rabbitt ya yi a Ingila a 1968. Ya sa mutane masu lafiyar kunne su saurari jerin lambobi, rabin farko a sarari, rabi na biyu wani lokaci a sarari wani lokaci cikin hayaniya. In rabi na biyu ya zo cikin hayaniya sai su fi manta rabin farko, wanda suka ji tar babu wata matsala. Ƙoƙarin kamo na baya shi ya ture na gaba. Na sa ya maimaita mini wannan sau biyu, domin labarina ne da lambar asusu, an rubuta shi tun ba a haife ni ba.

Ya kuma karanto cewa a 1953 wasu masu bincike, Heller da Bergman, sun sa mutum 80 masu lafiyar ji a ɗakin da sauti ba ya shiga, na minti 5, kashi 94 cikin 100 suka ce sun ji wani kuka ko shuuu. Wani babban nazari na 2022 kuma ya nuna kusan mutum 1 cikin manya 7 a duniya yana da wannan ƙara. Wato a layinmu kaɗai ba a rasa irina da yawa, kowa ya yi gum don kada a ce masa kurma ko mai iska.

Likita bai ɓoye mini ba, ya ce babu ƙwayar da za ta kashe kukan, duk wanda ya ce yana da ita kuɗina yake so. Abin da ake yi shi ne a koya wa ƙwaƙwalwa ta daina ɗaukarsa a matsayin haɗari, kamar yadda wanda gidansa ke bakin titi yake daina jin motoci. Tsoro ne ke ciyar da shi. Kuma gaskiya tun ranar da na san ba hauka ba ne, kaifinsa ya ragu, ko da yake ƙarar ba ta canja ba. Ya hana ni neman shiru. Da dare in bar fanka tana juyawa, in babu wuta in kunna rediyo ƙasa-ƙasa, ba don ya danne kukan ba, don dai ya samu abokin tafiya. Barci ya fara dawowa, kuma na lura ranar da na yi barci sosai lissafina ya fi tsayawa, ranar da na kwana ina juyi ko raina ya ɓaci gyaren har ƙara murya yake.

A shago na sauke girman kai na sayi ɗan littafi. Duk abin da aka faɗa, kafin in amsa sallamar wani, na rubuta. Mai oda ta waya ina ce masa ya turo a rubuce ko ya yi saƙon murya a WhatsApp, in saurara sau biyu a cikin sito inda babu hayaniya. In an faɗi adadi ina maimaitawa da lamba: saba'in, bakwai da sifili ko? Lambar asusu uku-uku nake karɓa. Na roƙi maƙwabcinmu muka matsar da janareta bayan shago, na juya kujerata yadda zan fuskanci mai shigowa. Kawu da na nuna masa takardar asibiti ya daɗe yana kallon ramin nan kamar ya iya karantawa, sannan ya ce, "To ai da ka faɗa tun tuni." Uwargida kuwa ta daina yi mini magana daga kicin, sai ta zo gabana. Saƙo kuma a takarda take cusa mini a aljihu, wani lokacin har da zane, don tsokana.

Na'urar ƙara ji ta ɗauke ni kusan shekara kafin in saya, rabi saboda tsada, rabi saboda kunya. Makon farko na tsane ta. Ƙarar leda, cokali a kwano, takun takalmina, komai ya dawo da kaifi kamar ana tsokana ta, har na jefa ta a aljihun tebur. Matar da ta gwada ni ta ce in daure, ta sake saita ta. Yanzu in tana kunnena da rana kukan yana ja da baya, kuma nauyin kan nan na la'asar ya ragu ƙwarai. Samarin layi sun ɗauka irin abin sauraron waya ne, ban gyara musu ba. Lissafi da ka bai dawo kamar da ba, kala uku nake iya riƙewa, in an kai biyar sai kalkuleta. A gidan biki in aka kunna manyan lasifiku ina yi wa ango Allah sanya alheri in fice, kuma na ƙwace abin sauraron da babban ɗana ke kwana da shi a kunne, muka yi kwana biyu ba ya gaishe ni da sakin fuska.

Kwanakin baya na bi ta tsohuwar unguwarmu. Ɗakin injin yana nan, an canja inji amma ƙarar ita ce dai. Wani yaro ne a ciki, bai fi shekara 14 ba, gari ya yi masa fari fat har gira. Na je kemis na sayo abin toshe kunne na soso, na dawo na jira ya kashe inji, na miƙa masa, na gaya masa abin da ya same ni. Ya saurara da ladabi, yana kallon bakina. Sannan ya ce, "Baba, in na toshe ta ina zan ji in faranti ya fara ci? Maigida zai ce na ɓata masa inji." Na ce ko da toshi zai ji, sautin raguwa kawai yake yi. Ya ce to, na gode. Ya ɗora su a taga kusa da gwangwanin girisi, wata yarinya ta miƙo robar wake, ya ja bel ya tayar da inji.